Babban Yatsan Ozioma: Shafi na 17

Jama'a ku yi mini afuwa, kwana uku ba wuta a layinmu, waya ta mutu murus. Masu bi na da saƙo suna cewa da mugunta na kashe Ozioma, ni fa ba ni na kashe ta ba, ciwon ƙirji ne. Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke: shekarar 1979 ce, soja na shirin miƙa mulki, yau Asabar ɗin zaɓen farko, kuma wannan ne karo na farko da matan Arewa za su jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. Indo mai abinci ta ƙofar masaƙa a Kakuri ta yi wa aminiyarta Ozioma tela alkawarin za su shiga layi tare. Yau kwana goma sha tara da rasuwar Ozioma.

*

Karo na huɗu ke nan da Indo ta tsaya gaban Oga Sylvanus tun safe.

Yana zaune a gindin dalbejiyar makarantar firamare, ya ɗora akwatin ƙarfen nan a cinya. Shi ne mai kula da gidan hayarsu, shi ne helman, wato shugaban leburorin ɗakin rini a masaƙa, yanzu kuma ya zama wakilin wata jam'iyya. A gidan nan mai ɗaki ashirin da biyu ba wanda ke ajiye takarda a ɗakinsa, don rufi na yoyo, gara kuma ba ta san mutunci ba. Takardar haihuwa, katin asibiti, katin zaɓe, duk akwatin Oga ake kaiwa. Haka kowa ya tarar, haka ake yi.

"Oga, katina."

"Mama Indo, ba na ce ki jira ba?"

"Na jira da hantsi, na jira da azahar. Ga la'asar ta kawo kai, an ce an kusa rufewa."

"To ina ruwanki da rufewa? Ke da ba ki san bihim ba, me za ki je ki yi a ciki? Ki je ki huta abinki, za a yi miki."

"Za a yi mini?" Indo ta gyara mayafi. "Tuwo ne da za a tuƙa mini? Ba ni katina, Sylvanus."

Da ya ji ta yar da Oga ɗin, sai ya san yau ba wasa. Ya yi tsaki, ya zaro mabuɗin da ke rataye a wuyansa, ya buɗe. Niyyarsa ya ɗan yi birkice-birkicen ƙarya ya ce bai gani ba, don ya riga ya san ba jam'iyyarsa Indo take so ba, kuma ya riga ya samo wata da za ta yi zaɓe da katin nata. Amma Indo ta lura da hannunsa. Da farko a hankali yake juya takardun, yana ɗan murmushi. Can sai murmushin ya ɗauke. Ya sake bi daga farko. Ya zazzage akwatin a cinyarsa.

"A nan na sa shi," ya ce, ba da ita yake ba. "Da hannuna na ware shi, na ɗaure da roba."

"Kai dai faɗi gaskiya."

"Wallahi Mama, na rantse da kabarin uwata. Ko wanka ba na cire mabuɗin nan."

Gumi ya keto masa, ga shi kuwa ba rana. Hadari ne ya taso daga wajen Rido, baƙi ƙirin, ya tsaya cak a kan unguwar, bai zubo ba, bai wuce ba. Iska ta ɗauke ɗif. Layin mata ya miƙe har bakin titi, amma ba ka jin hayaniyar da aka san mata da ita, kowace tana duban sama.

Zuciyar Indo ta yi nauyi, hawaye ya cika mata ido. Shekara ashirin take jiran yau. Ba don komai ba sai don Ozioma.

Lokacin zaɓen gab da samun 'yancin kai, Ozioma na sabuwar zuwa Kaduna, da goyo a bayanta. Can garinsu ta taɓa jefa ƙuri'a, don haka da ta ji ana rajista sai ta ja hannun Indo, wai su je. Malamin rajistar ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Madam, nan Arewa ce. Mata ba sa zaɓe. Ki turo mijinki."

Indo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita kuwa Ozioma ko gezau. Ta miƙa babban yatsanta na dama, wanda almakashi ya taɓa rabawa biyu, ta dangwala a tawadar mutumin, ta manna masa a tsakiyar tebur.

"Ajiye mini wannan," ta ce. "Zan dawo."

Tun daga ranar ba ta bar zancen ba. Ko da rikici ya kore ta gida, ta yi shekara biyar, ranar da ta dawo Kakuri ta tarar Indo ta adana mata keken ɗinkinta, bayan kuka da gaisuwa abin da ta fara tambaya shi ne, "An ba ku damar zaɓen ko har yanzu?" Da aka ba su kuwa, ita ta koya wa Indo dangwale, da shuni a kan ƙyallayen ɗinki, tana yi tana faɗa.

"Ba murzawa ake ba, dannawa ake! Kai Indo, kin cika nawa."

Indo ta share ido ta juya za ta tafi, sai wani wari ya bugi hancinta. Ta san shi sarai, shekara nawa tana sayar wa 'yan masaƙa abinci. Warin ruwan bilic ne na ɗakin rini, wanda ake fitar da launi daga yadi da shi. To me ya kawo shi makaranta ranar zaɓe?

Ta bi warin zuwa bayan aji.

Bokiti ne a ajiye bayan tankin ruwa, mata uku sun duƙa suna cuɗa yatsa da tsumma. Tawadar da aka shafa musu don kada su sake zaɓe tana fita tas, su sake komawa layi da katin wata. Da suka ga Indo suka watse sumui-sumui.

Saura mace ɗaya, ta ba ta baya.

Zanin jikinta Indo ta fara gani. Ruwan goro mai zanen tsuntsaye, da ɗaurin kai mai kunne biyu. Ga ƙamshin kafur. Indo ta dafa bango.

"Innalillahi... Ozioma?"

Matar ta juyo a firgice. Onyinyechi ce, 'yar marigayiyar, goyon nan na wancan lokaci, yanzu budurwa mai shekara ashirin da ɗaya. An shafa mata toka a gefen gashi don ta yi kama da tsohuwa.

Tsoron Indo ya koma fushi nan take.

"Onyi! Kayan wa na gani a jikinki?"

"Mama Indo, don Allah ki yi a hankali..."

"Na ce kayan wa? Ko wata ba a yi ba da aka sa uwarki a mota aka kai ta gida. Me ke hannunki?"

Yarinyar ta ɓoye hannu a baya. Indo ta fizgo shi. Katin zaɓe ne, kuma ko ba ta iya karatu ba ta gane shi, don akwai ɗigon man keke a kusurwarsa.

"Na Ozioma ne."

"Oga ne ya ba ni."

"Ke ba ki yi naki ba?"

"Na yi tun safe."

"Shi ne kika wanke, za ki koma ki zama uwarki? Mace ta yi shekara ashirin tana jiran ta dangwala da yatsanta, ƙasa ta rufe mata ido, ke kuma ki ɗauki sunanta ki kai wa Sylvanus? Tir! Wallahi kin ba ni kunya."

Onyinyechi ta fashe da kuka.

"Ya ce ɗakin da sunan Mama yake. In ban yi ba, kafin Litinin in kwashe kayana. Ina zan je, Mama Indo? A nan aka goya ni, ba ni da kowa a ƙauye." Ta ja majina, ta ɗago ido jajur. "Kuma wa ya ba shi katin? Ba ke ba ce?"

Maganar ta daki Indo a ƙirji, don gaskiya ce. A ƙarƙashin matashi Ozioma ke ajiye katinta, ita kaɗai ce a gidan ta ƙi kai nata akwati. Ranar rasuwa, ana cikin koke-koke, Sylvanus ya zo da murya ƙasa-ƙasa ya ce a ba shi ya mayar wa hukuma a soke sunan. Indo da kanta ta ɗaga matashin ta miƙa masa. Ta ba kura ajiyar nama, har da godiya.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Ni na ba shi."

"Akwai kuma abin da ban gaya miki ba." Yarinyar ta share hawaye. "Ranar da za ta cika, kin fita ɗebo ruwan zafi, ta riƙe hannuna ta ce, ki gaya wa Indo ta karɓo katinta daga akwatin nan, ta ɗaure a bakin zaninta. Ta ce in Indo ba ta karɓo ba..."

"In ban karɓo ba me?"

"Ta ce ita za ta karɓo miki."

Daidai nan jiniyar masaƙa ta busa. Doguwa, ta ja ta ja sannan ta mutu. Suka dubi juna. Yau ba aiki, an rufe masaƙa saboda zaɓe, kowa ya sani.

Indo ta dake. Ta damƙi hannun yarinyar.

"Mu je."

"Ina?"

"Wurin malamar zaɓe. Ni dai na rasa nawa, na haƙura. Amma ba mai dangwale da sunan Ozioma ina numfashi. A gabana za a soke shi."

"Mama Indo, ɗakin..."

"Ɗakina bai cinye uwarki ba lokacin da ta dawo ba ta da ko tabarma, ke ma ba zai cinye ki ba. Wuce!"

Sylvanus ya hango su sun nufi ƙofar aji, ya taso da akwatinsa a hammata.

"Mama Indo! Mama Indo, abeg, don Allah tsaya mu yi magana. Wane irin wahala ne wannan?"

Ko kallo bai ishe ta ba. Matan layi suka dare suka ba ta hanya, don sun ga fuskarta.

Cikin ajin duhu-duhu saboda hadarin. Ga akwatin ƙuri'a a tsakiya, ga wani lungu da aka kewaye da zana inda ake shiga a dangwala. A bakin tebur Malama Judith ce zaune da littafin rajista, wata siririyar malamar makaranta 'yar Filato, da aka turo daga Barnawa. Ba ta san kowa a unguwar ba.

"Mama, layi ake bi," ta ce da ladabi.

"Ba zaɓe na zo ba, 'yata. Suna na zo a soke. Mai katin nan ta rasu."

"Allah sarki. Sannunku. Mene ne sunan?"

Onyinyechi ta faɗa, da kyar. Malama Judith ta bi layin da biro, ta buɗe shafi, ta sake buɗewa. Sai biron ya tsaya.

"Wace Ozioma? Tela?"

"Ita."

"Mama, ko dai kun yi kuskure? Ai ta yi zaɓe."



"Ta yi me?" in ji Indo.

"Ta yi zaɓe. Ga shi na yi mata maki. Ita ce ma ta farko, na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa tun kafin in buɗe."

Indo ta juya ta watsa wa Sylvanus ido. Ya ɗaga hannu sama.

"Ba ni ba ne! Wallahi ban tura kowa ba! Katin yana akwatina a kulle, sai ɗazu da azahar na ba yarinyar nan."

"Ba a zaɓe ba kati," in ji Malama Judith, ranta ya fara ɓaci. "Da katinta ta zo, ni na buga masa hatimi a baya da hannuna. Kawo in gani."

Onyinyechi ta juya katin.

Ga hatimin nan raɗau, da kwanan watan yau.

Yarinyar ta saki ƙara ta yar da shi kamar ta taɓa garwashi. Akwatin Sylvanus ya suɓuce ya faɗi, takardun mutane suka watse a ƙasa, bai ko sunkuya ba.

Indo ta matsa kusa. Ta dafa tebur.

"'Yata... yaya kamanninta?"

"Doguwa, baƙa, mai wushirya. Zaninta fari sol, na coci, har na ce a raina wannan ta yi wa zaɓe kwalliya. Ta yi ta tari." Malama Judith ta dube su ɗaya bayan ɗaya, muryarta ta ragu. "Da na kama yatsanta zan shafa tawada, sanyi ƙarara. Na ce Mama ko zazzaɓi kike? Ta ce a'a, tafiya ce mai nisa. Yatsan a rabe yake biyu, tsohon tabo."

Farin zanin nan Indo ta san shi. Ita ta goge shi da dutsen guga, ita ta taya matan coci ɗaura mata shi kafin a rufe akwatin gawa.

"La'ilaha illallahu," kawai take maimaitawa.

Onyinyechi ta durƙushe tana kiran sunan Yesu. Sylvanus ya ja da baya, ya ja da baya, har ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, daga nan ba wanda ya sake ganinsa.

Malama Judith ta miƙe.

"Mama... ke ce Indo?"

"Ni ce."

"Nuna mini hannunki na hagu."

Indo ta miƙa. Ga tabon ƙunar man gyaɗa a wuyan hannun, tun na ƙuruciya.

Malamar ta buɗe bayan littafin rajista, ta zaro wani kati da roba a ɗaure.

"Ta ce in ajiye miki. Ta ce wata za ta zo da sunanki, kada in yarda sai na ga tabon nan. Na ce Mama ba a haka, ta ce in yi haƙuri, shekara ashirin ba wasa ba." Ta miƙa mata katin. "Ta ce za ki makara, wai kin cika nawa."

Nan Indo ta kasa riƙe kukan. Tsoro take ji har cikin ƙashinta, amma kewar Ozioma ta fi tsoron yawa.

"Mama, saura kaɗan in rufe," in ji Malama Judith a hankali. "Za ki iya? In ba za ki iya ba, ba wanda zai ga laifinki."

Indo ta dubi lungun zanan nan. Duhu ne a ciki. Ƙafarta ta ce mata gudu, ta ji sarai. Ta dubi Onyinyechi a ƙasa, ta dubi matan da suka cika taga suna leƙe, tsofaffi da masu goyo, kowace da katinta a hannu.

"Ni da aka yi wa tafiya mai nisa?" Ta goge fuska da bakin mayafi. "Buga hatimin, 'yata."

Aka buga. Aka ba ta takarda mai alamomi biyar da ambulan. Ta taka, ta ɗaga buhun da aka yi labule da shi, ta shiga.

Ɗan teburin 'yan makaranta ne a ciki, da tawada a kai. Ta shimfiɗa takardar. Sai idonta ya sauka a kan katakon teburin.

Shatin babban yatsa ne a tsakiya, an manna shi da ƙarfi, tsaga ta raba shi biyu. Irin wanda ta gani shekara ashirin baya, a teburin malamin rajista. Mata sun fi ɗari da suka shiga lungun nan tun safe, amma tawadar ɗanya ce shakaf, har tana sheƙi.

Ƙamshin kafur ya cika lungun.

A bayanta, dab da kunnenta, aka yi tari. Ƙaramin tarin nan mai kama ƙirji, wanda ta yi wata uku tana jinya.

Indo ta dubi takardar. Alamomin biyar suka haɗe mata, ta rasa wacce ce wacce.

"Ozioma," ta ce da raɗa, "wanne zan..."

"A'a." Muryar a shaƙe take, amma ita ce. "Ban zo in zaɓa miki ba. Naki ne."

Wuyan Indo ya fara juyawa da kansa.

"Kada ki waiwayo. Dangwala tukuna."

Indo ta ja numfashi. Ta ƙura wa takardar ido har alamomin suka rabu, ta ga wadda ta daɗe da zaɓa a ranta. Ta sa babban yatsanta a tawada, ta ɗora. Ba ta murza ba, dannawa ta yi.

Ta naɗe takardar, ta sa a ambulan, ta riƙe gam a ƙirjinta.

Sannan ta waiwaya.